Garin neman rama a samo ƙiba

Wata ranar Talata, ranar da muke awon hawan jini a ƙaramin asibitinmu, wata matashiya ta shigo tana dafa bango. Saura mako biyar bikinta. Na zaunar da ita na ɗaura mata abin awo a dantse, sai na ga jinin ya yi ƙasa. Na ce, "Ƙanwata, me kika ci yau?" Ta ce ruwan ɗumi da lemun tsami. Jiya fa? Kokwamba biyu da dafaffen ƙwai ɗaya, sai shayin rage ƙiba da daddare. Kwana goma sha ɗaya ke nan tana haka. Kuma jirin bai dame ta ba kamar yadda sikeli ya dame ta. "Anti, satin farko kilo huɗu na sauke, amma tun ranar Juma'a ya tsaya cak. Ko in daina cin ƙwan ne?"

Ba ita kaɗai ba ce. Amare, masu fitowa daga jego, har da magidanta masu son tumbi ya sauka kafin Sallah, duk muna ganinsu. Shi ya sa nake son mu zauna mu yi lissafin nan tare.

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Mace baliga tana buƙatar kimanin 2,000 a rana, namiji kimanin 2,500, gwargwadon girman jiki da aikin da mutum yake yi. Idan abin da ake ci a yini bai wuce kalori 800 ba, likitoci suna ɗaukarsa tsari na musamman wanda ba a yi sai da kulawar asibiti. Abin da amaryar nan take ci bai kai 300 ba.

Mu fara da kilo huɗun da ta yi murna da su. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Ko da ba ta sa komai a bakinta ba har kwana bakwai, abin da jikinta zai ƙona bai wuce 14,000 ba, wato bai cika kilo biyu na kitse ba. To ina sauran suka fito? Jiki yana da ajiyar sukari a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Ita ake fara taɓawa idan abinci ya yanke, ruwan kuma ya bi fitsari ya fice. Ga hanji ya zama wayam. Ga shayin da take sha, wanda da yawa daga irinsa filasko ne a ciki, ganyen da kakanninmu suka sani na wankin ciki. Gudawa ba ta narkar da kitse, ruwa da gishirin jiki take kwashewa. Ranar da ta ci tuwo sau biyu, yawancin kilon nan za su dawo, ta ce maganin ya daina yi.

Sai maganar tsayawar sikeli, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na yi wannan rubutu. Mutane suna zaton sai an motsa ake ƙona abinci. A gaskiya kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake kashewa a yini, yana tafiya ne ko mutum yana kwance: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda, ɗumama jiki, da ƙwaƙwalwa, wadda ita kaɗai take cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan kaso. Jiki kuwa bai san da biki ba. Idan ya ga abinci ya yanke, abin da ya fahimta shi ne an shiga fari, sai ya yi abin da kowace uwargida mai hankali take yi idan rumbu ya yi ƙasa ga damina da saura: ta rage awo. Sinadarin da ke fitowa daga maƙogwaro mai hura wutar jiki yana raguwa. Zuciya ta rage gudu. Tafin hannu da ƙafa su yi sanyi. Mutum ya rage kai-komo ba tare da ya lura ba, shara ta zama aiki, hawa bene ya zama tafiya.

An ga wannan ƙiri-ƙiri a Jami'ar Minesota da ke Amurka a 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu da suka ba da kansu, domin a gano yadda za a farfaɗo da waɗanda yunwar yaƙi ta galabaitar a Turai. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har mako 24, yawanci dankali da burodi da taliya, suna kuma tafiyar ƙasa ta kusan kilomita 35 a mako. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ƙarfin da jikinsu yake ƙonawa a kwance ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100. Wani ɓangare na faɗuwar saboda jikin ya ƙanƙance ne, ƙaramin jiki kuwa ɗan abinci yake ci, amma sauran tsimi ne da jikin ya ƙirƙiro da kansa. Ƙarti majiya ƙarfi suka koma jin sanyi da tsakar zafi, suna lashe kwano, suna tara littattafan girki suna kallon hotuna. Da aka sakar musu abinci suka yi ta ci ba ƙoshi, kitsen da suka tara daga baya har ya zarce wanda suka fara da shi. Ku lura, waɗannan suna cin fiye da kalori 1,500 a rana, ninki biyar na abin da amaryarmu take ci.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake wanda ya daina cin abinci ba zai rame ba. Zai rame, mutanen Minesota har haƙarƙarinsu ake ƙirgawa. Abin tambaya shi ne me ya zube, kuma me zai biyo baya. Idan babu isasshen abinci mai gina jiki, jiki yana yankar tsokarsa ya mayar da ita sukari don ƙwaƙwalwa ta samu. Wannan kamar manomi ne ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi hatsi: ya ci yau, amma noman baɗi ya ragu, domin tsoka tana cikin masu ƙona abinci. Idan nauyin ya tashi dawowa kuwa, kitse ne yake riga tsoka isowa.

Yunwar da ke biyo baya ma ba rashin haƙuri ba ne, kamar yadda mata da yawa suke zargin kansu. Kitse yana fitar da wani sinadari, leftin, mai gaya wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Ciki kuma yana fitar da girelin, mai kiran yunwa. Idan aka rame da sauri, na farkon ya faɗi, na biyun ya tashi. Wani bincike da aka yi a Melbon ta Ostireliya, aka wallafa a 2011, ya fara da mutum 50 da aka sa wa tsarin kalori 500 da ɗoriya a rana na mako takwas. Bayan shekara guda cur, sinadaran yunwarsu ba su koma yadda suke ba. Haka a wani binciken da ya fito a 2016, masu bincike a Amurka sun sake auna mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba ta talabijin mai suna The Biggest Loser. Sun sauke kilo 58 a matsakaici, bayan shekara shida kilo 41 sun dawo, jikinsu kuma yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da abin da ya kamaci mai girmansu. Bahaushe ya ce garin neman ƙiba a samo rama. A nan karin maganar juyewa take yi.

Akwai kuma illolin da ba su jira shekara. Ramar gaggawa tana haifar da tsakuwa a matsarmama, ciwon da ke murɗa gefen dama na ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci sai an yi tiyata. Al'ada tana rikicewa ko ta ɗauke. Gashi yana zuba bayan wata biyu zuwa uku, daidai lokacin da amarya take ɗakinta tana neman wanda ya yi mata baki. Mafi haɗari shi ne raguwar gishirin fotasiyam, musamman ga mai haɗa yunwa da shayin gudawa, don yana iya rikita bugun zuciya. A ƙarshen shekarun 1970 an yi asarar rayuka a Amurka ta wannan hanya, lokacin da aka yi yayin wani ruwan furotin, wato sinadarin gina jiki, da ake sha a madadin abinci.

Duk da haka tsarin yana da wurinsa a asibiti. A Birtaniya, binciken da Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya sa masu ciwon suga nau'i na biyu a kan kalori 800 da 'yan kai na wata uku zuwa biyar. Bayan shekara, kusan rabinsu sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Amma abincin nasu haɗi ne da aka auna furotin da bitamin da gishirinsa, ma'aikatan lafiya suna bibiyarsu, an daidaita musu magunguna tun ranar farko, sannan aka dawo da su kan abinci a hankali. Mai shan ƙwayar suga ta Daonil ko mai allurar insulin da ya kwaikwayi wannan a gida, sugansa na iya faɗuwa ya suma. Mai ciki, mai shayarwa, yaran da ba su gama girma ba, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, su kam babu su a wannan magana sam.

Abin da muke ba da shawara shi ne sauke rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma rage kimanin kalori 500 a rana yana ba da kusan rabin kilon. A gidajenmu wannan ba ya buƙatar a bar tuwo. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori kusan 120 ne, ku tuna nawa ake kwarara wa shinkafa da wake. Robar lemon kwalba mai santilita 50 ta haura 200. Idan aka bar lemon, aka rage cokali biyu na mai, aka rage sukarin shayi da na koko, an kusa cike lissafin. Malmala biyu ta koma ɗaya da rabi, miyar ganye ta ƙaru, zogale, alayyafo, kuka, rama. Kada a taɓa wake, ƙwai, kifi, awara da nono, su ne masu tsare tsoka. A yi tafiyar rabin awa, a yi aikin da zai sa dantse da cinya su ji nauyi, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai kilo 90 da ya sauke biyar zuwa tara ya riƙe su, za a gani a awon jininsa da na sugansa.

Amaryar nan dai ban bar ta ta tafi ba sai da aka sayo mata kunun gyaɗa da ƙosai ta ci a gabana, tana ci tana ƙunƙuni. Na karɓe ragowar shayin, na gaya mata sikeli zai hau kilo ɗaya ko biyu cikin kwana uku, ruwa ne, kada ta firgita. Na ce ta riƙa hawansa sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, idan kuma ta ji zuciyarta tana tsalle ko ciwo ya kama ta a gefen dama, ta zo ko da tsakar dare ne. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To Anti, ɗinkin fa? An riga an yanka." Na ce ta koma wurin telan tun yau ya buɗe mata inci biyu.