Tambayoyi da amsoshi: yadda ake auna abin da mai juna biyu ke tunawa game da renon da aka yi mata

Me ya haɗa awon ciki da renon da aka yi wa mace tun tana yarinya?

Ciki yana tono abin da ya daɗe a kwance. Macen da ke shirin goyo takan koma tuna hannun da ya goye ta, kuma wannan tunani yana bin ta har kan jaririnta. A 1991, a Landan, Peter Fonagy da Howard Steele da Miriam Steele sun yi hira da mata masu cikin fari game da ƙuruciyarsu, sannan suka jira jariran suka shekara, suka gwada irin shaƙuwar kowane da uwarsa. A kusan uku cikin huɗu, hirar da aka yi tun kafin haihuwa ta nuna yadda shaƙuwar za ta kasance. Abin lura shi ne, tsarin da mace ta ba da labarinta, ko ya haɗu ko ya tarwatse, ya fi ɗacin labarin ko daɗinsa nauyi.

Da me ake aunawa?

Irin waccan hirar tana cin kusan awa guda kuma sai wanda aka horar ke iya fassara ta, don haka ranar awo takarda ake ɗauka. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce PBI, takardar tambayoyi kan renon iyaye, ta Gordon Parker da abokan aikinsa a Ostireliya, 1979. Jimloli 25 ne game da shekaru 16 na farkon rayuwa: 12 suna auna kulawa (tana yi min magana da taushin murya, tana yawan yi min murmushi), 13 suna auna takura da yawan tsarewa (tana son sarrafa duk abin da nake yi). Ana cikewa sau biyu, ɗaya don uwa, ɗaya don uba. Akwai kuma EMBU ta Suwidin, 1980, mai tambayoyi 81, wadda aka taƙaita zuwa 23.

Yaya ake haɗa makin?

Kowace jimla tana da amsa huɗu, daga "sam ba haka take ba" zuwa "haka take sosai", maki 0 zuwa 3. Kulawa tana tsayawa a 36, takura a 39. Jimloli 12 daga cikin 25, shida a kowane ɓangare, a juye ake ba su maki: wadda ta amince cewa uwarta ba ta cika yabonta ba, makin kulawa ƙasa zai yi. Nan ne aka fi yin kuskure wajen shigar da amsoshi a kwamfuta, kuma alamar ita ce jimloli su riƙa saɓa wa juna ba gaira ba dalili.

Iyakokin da aka saba amfani da su wajen raba maki mai yawa da maki kaɗan: ga uwa, 27 a kulawa da 13.5 a takura. Ga uba, 24 da 12.5. Daga nan ake samun gida huɗu, gwargwadon ko makin kulawa da na takura sun kai iyakarsu ko sun gaza, kuma wanda aka fi dangantawa da ciwon damuwa shi ne ƙarancin kulawa haɗe da yawan takura. Amma waɗannan lambobi daga mutanen Ostireliya aka ciro su. A Katsina gara a yi aiki da makin kansa, a bar yanke wa mace hukunci da iyakar da ba a gidanta aka yanka ba.

Idan aka ce "mahaifiyarki", wa take tunawa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Takardar ta ɗauka uwa ɗaya da uba ɗaya suka rene ki daga haihuwa har shekara 16. A Daura ko Katsina, yarinya tana iya tashi a ɗakin kakarta tun daga yaye, ko a ba gwaggonta riƙo, ko uwarta ta fita ta bar ta hannun matar uba. Don haka kafin jimla ta farko a tambaya: "Wa ya rene ki? Daga shekara nawa zuwa nawa?" A rubuta amsar, a nemi ta tsaya kan mutum ɗaya har ƙarshen takardar. In ba haka ba, za ta amsa jimla ta uku da kakarta a rai, ta goma da matar babanta, makin ya zama na kowa da kowa. Wadda aka aurar kafin ta cika 16, a tsayar da lissafin a ranar da ta bar gida, kada renon uwar miji ya shigo ciki.

Sai kunyar ɗan fari. Uwar da ba ta kiran sunan 'yar farinta, ba ta wasa da ita a gaban mutane, za ta sami maki kaɗan a jimlolin murmushi da hira, alhali 'yar ta san ana sonta. Dole a rubuta ko ita ce ta fari, a duba makin 'yan fari daban.

Jimlolin takura fa, sun dace da tarbiyyarmu?

Wasunsu ba su dace ba. Akwai jimlar da ke tambaya ko an bar ki ki fita duk lokacin da kika so, da wata ko an bar ki ki sa duk kayan da kika ga dama. Kusan kowace mace a nan "a'a" za ta ce, da yawa ma da alfahari, domin a wurinta wannan shi ne gata. Jimlar da kowa ya ba amsa iri ɗaya ba ta bambance komai. Ko a ƙasashen waje, masu bincike sun sha samun cewa ɓangaren takura yana rabuwa biyu: tsarewa don tsoron abin da zai sami yaro, da danne ra'ayinsa. Na biyun ne ya kamata a nema da kyau: an taɓa jin ta bakinki? An saurare ki in kin ƙi abu?

Za ta yarda ta faɗi laifin iyayenta?

Ba a kan bencin awo ba, ba kuma a gaban uwar miji ko ƙanwar da ta rako ta ba. A samu ɗaki, mace ta yi tambayar, a gaya mata ba sunanta a takardar kuma ƙin amsawa ba zai taɓa awonta ba. A bayyana mata cewa ba ana neman aibin iyaye ba ne, yadda ita ta ji ake tambaya. Ga wadda ba ta karatu, a karanta mata, a nuna hoton kofuna huɗu, daga wofi zuwa cikakke, ta nuna da yatsa. A karanta kowace jimla da murya ɗaya, "Ai ko, Hajiya?" a ƙarshen jimla ya isa ya karkata amsa.

Abin da ta tuna shi ne abin da ya faru?

Ba lallai ba, takardar ma tunani take aunawa. Duk da haka tunanin ba ya saurin canzawa: a Ostireliya an bi mutane shekara 20, makinsu bai yi nisa da na farko ba. Matsalar ita ce halin da take ciki a ranar. Laulayi, rigima da miji ko damuwa suna iya duhunta abin da ake tunawa. Shi ya sa ake haɗawa da EPDS ta 1987, takardar auna damuwar masu ciki da masu jego, jimloli 10 game da kwana bakwai da suka wuce, maki 0 zuwa 30, a rubuta kuma watannin cikin.

Yaya za a mayar da ita Hausa?

Mutum biyu su fassara kowa daban, a daidaita, na uku da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta. Sannan a karanta wa mata goma zuwa sha biyar, bayan kowace jimla a ce, "Me kika fahimta?" Nan ake gano cewa kalmar da ta zauna a ofis ba ta zauna a Rimi ko Mashi ba. Gwajin gaske yana buƙatar mata 5 zuwa 10 kan kowace jimla, wato 125 zuwa 250, a sake tambayar wasunsu bayan mako biyu.

In ta fashe da kuka fa?

A ajiye takardar, a bar ta ta huce, ita za ta zaɓa ko a ci gaba. Kafin a fara aikin ma a san ma'aikacin lafiyar da za a miƙa mace gare shi. Wadda ta amsa jimla ta 10 ta EPDS, wadda ke tambaya kan tunanin cutar da kai, da wani abu ban da "ban taɓa ba", a ga likita da ita a ranar, kafin ta koma gida.