Ba sai ƙaton takalmin but ba kafin ka hau dutse

Jama'a wai har yanzu mutane na ganin in za ka yi tafiyar ƙafa a daji ko hawan dutse dole sai ka nemo ƙaton takalmin but mai nauyi wanda ya rufe idon sawu, wai shi ke hana targaɗe. Gaskiya abin ba haka yake ba. Wuyan takalmin nan fata ce ko yadi, lanƙwashewa yake, in ƙafa za ta gurɗe za ta gurɗe, abin da ya fi kare ka shi ne ƙarfin jijiyoyin idon sawunka da kuma ƙasan takalmi mai kama dutse, irin robar nan ta kamfanin Vibram mai manyan haƙora.

Sannan nauyin da ke ƙafa ya fi wanda ka goya a baya gajiyarwa, tunda duk taku sai ka ɗaga shi. Shi ya sa da yawa cikin masu taka hanyar ƙafa ta duwatsun Appalachian a Amurka, mai tsawon kusan kilomita 3,500, takalmin gudu mara nauyi suke sawa.

But yana da ranarsa fa, in akwai ƙanƙara ko ka goya kaya masu nauyi sosai.

Amma inda aka fi tafka kuskure shi ne saiz. Ƙafa kumbura take in an daɗe ana tafiya, to ka gwada da yamma, da safar da za ka saka, ka bar fili kamar faɗin babban yatsa a gaba. In ba haka ba wallahi wajen gangarowa yatsu za su yi ta dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi ya fita.