Waiwaye: zafi, ruwa mai kauri da ƙwayoyin da ke cikinsa

Ka'idar da Newton ya kafa a 1687 ita ce kaurin ruwa yana nan yadda yake ko ka juya shi a hankali ko da ƙarfi. Ga ruwan sha haka ne kam, amma fenti fa, ko jini, ko taɓon da ake turawa cikin rijiyar mai lokacin haƙa? Waɗannan da ka motsa su sai su tsinke, wasu ma ko gezau ba sa yi sai ƙarfin ya kai wani mataki, abin da masanin kimiyya ɗan Amurka Eugene Bingham ya bayyana kenan a 1916.

Ta ɓangaren zafi kuwa, a 1900 Henri Bénard a Faransa ya shimfiɗa narkakken kitse ɗan siriri a faranti ya ɗumama shi ta ƙasa, sai ga samansa ya rarrabu gida-gida mai kusurwa shida kamar saƙar zuma, mai zafi na tasowa ta tsakiya, wanda ya huce na gangarawa ta gefe. Masanin kimiyya ɗan Birtaniya Lord Rayleigh ya yi lissafin irin wannan juyi a 1916. Shi kuma Einstein tun 1906 ya taɓo batun ƙananan ƙwayoyin daskararren abu da ke yawo cikin ruwa, ya gyara lissafinsa a 1911: ƙwayoyi kashi 1 cikin 100 na ƙara kauri da wajen kashi 2.5.

Nan fa gizo ke saƙar. A 1995 Stephen Choi na ɗakin bincike na Argonne a Amurka ya fito da sunan nanofuluyid, wato a barbaɗa ƙwayoyin ƙarfe 'yan mitsi-mitsi a ruwa don ya fi ɗaukar zafi, aka yi ta zuzutawa, har sai 2009 da Jacopo Buongiorno na jami'ar MIT ta Amurka ya haɗa ɗakunan bincike sama da 30 suka auna samfuri iri ɗaya, aka ga ƙarin bai wuce abin da tsohon lissafin masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya hango ba. Ni gaskiya wannan awon ya fi burge ni kan duk wani hasashen kwamfuta.

To a ruwan da ba ya bin ka'idar Newton abin ya fi cakuɗewa, don kusa da bangon mazubi mai zafi yana tsinkewa ya yi gudu, can tsakiya kuma yana iya daskarewa dunƙule guda, ƙwayoyin suna ƙaura daga zafi zuwa sanyi, wasu su manne da juna su kwanta a ƙasa, kaurin ya sake canzawa. Shi ya sa injiniya zai iya ƙara ƙwayoyi don na'ura ta huce da wuri, amma ruwan ya yi nauyin da zafin ba zai iya juya shi ba.