Taimaka wa iyaye kafin a ɗauke musu 'ya'ya: tambayoyi kan tsarin Amurka

Wane irin riƙo ake nufi a nan?

Ba irin namu ba ne, inda goggo ko kaka ke ɗaukar yaro da yardar iyayensa, ana zuwa ana ganinsa duk sallah. A Amurka hukuma ce ke zuwa idan an kai rahoton ana cutar da yaro ko an yi sakaci da shi, alƙali ya ba da izini a kai shi wani gida, wani lokaci na dangi, sau da yawa na baƙin da bai taɓa gani ba. A 2018 yara kusan 437,000 ne ke hannun hukuma ta wannan hanya. Fiye da rabinsu sakaci ne ya sa aka ɗauke su, kuma shaye-shayen iyaye na cikin dalilan kusan kashi ɗaya cikin uku.

Idan gida ya lalace, ai ɗauke yaron shi ne mafita, ko?

Akwai gidan da barin yaro a cikinsa ko da kwana ɗaya ganganci ne, wannan ba gardama. Matsalar tana wajen gidajen da ke tsaka-tsaki, inda wani jami'i zai ce a ɗauke, wani ya ce a bari. Wani masanin tattalin arziki, Joseph Doyle, ya bi sawun irin waɗannan yara a jihar Illinois, ya wallafa sakamakon a 2007. Waɗanda aka ɗauke sun fi faɗawa hannun 'yan sanda, 'yan matan sun fi haihuwa da ƙuruciya, kuma da suka girma samunsu bai kai na waɗanda aka bari a gida ba. Rabuwa da uwa ciwo ne mai zaman kansa, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Me dokar 2018 ta canja?

A da, babban asusun tarayya na wannan fanni ba ya buɗewa sai an riga an raba yaro da gidansu. Dokar Family First, da aka sa wa hannu ranar 9 ga Fabrairu 2018, ta ba jihohi damar kashe kuɗin tun yaro na gida, har tsawon wata 12, a kan abu uku: maganin taɓin hankali da damuwa, maganin shaye-shaye, da koya wa iyaye tarbiyya a cikin gida. Tarayya ta ɗauki rabin kuɗin. Sharaɗin shi ne sai shirin da bincike ya tabbatar yana aiki.

Ta yaya ake tabbatarwa?

Galibi da ƙuri'a ake raba iyalai gida biyu, a ba wasu sabon shirin, wasu su ci gaba da abin da aka saba, sannan a dawo bayan lokaci a ƙirga. Wata cibiya ta tarayya ce ke duba binciken ta ba kowane shiri matsayi.

A nuna mana yadda abin yake a aikace.

Ɗauki shirin PCIT na koya wa iyaye mu'amala da 'ya'yansu, wanda Sheila Eyberg ta ƙirƙiro a shekarun 1970 don yara 'yan shekara 2 zuwa 7. Uwa na zaune a ƙasa tana wasa da ɗanta, da 'yar na'ura a kunnenta. Ƙwararriya na bayan gilashin da yaron ba ya ganin ta cikinsa. Yaro ya watsar da kayan wasa, hannun uwa ya fara ɗagawa, sai murya ta shigo kunnenta: ki dakata, ki faɗa masa abu ɗaya a hankali, in ya yi ki yaba masa. Haka ake yi mako bayan mako har abin ya zauna mata a jiki. A wani gwaji a Oklahoma da aka wallafa a 2004, cikin iyayen da aka taɓa kamawa da dukan 'ya'yansu, kashi 19 cikin ɗari na waɗanda suka bi wannan shiri ne aka sake kai ƙararsu, alhali na ajin tarbiyya da aka saba sun kai kashi 49. Abin da ya fi burge ni shi ne ba wa'azi ake yi wa uwar ba, tsaya mata ake yi a daidai lokacin da ranta ke ɓaci.

Shirin Homebuilders kuma, da ya fara a garin Tacoma na jihar Washington a 1974, na gidan da ake gab da ɗauke yaro ne. Ma'aikaci na isa cikin awa 24, iyali biyu ko uku kawai yake riƙe da su, wayarsa a buɗe dare da rana, na mako huɗu zuwa shida. Sai shirin David Olds da ya fara a Elmira ta jihar New York a 1977, inda nas ke ziyartar mai cikin fari marar ƙarfi har yaro ya cika shekara biyu. Bayan shekara 15 an samu raguwar cutarwa da sakaci da kusan rabi.

Kenan duk shirin da ya ce yana kare iyali yana aiki?

A'a. Wani babban bincike na tarayya da aka fara a shekarun 1990, wanda ya haɗa da Kentucky, New Jersey da Tennessee, bai ga raguwar ɗauke yara ba. A 2006 wata cibiyar bincike ta jihar Washington ta sake tace gwaje-gwajen, ta gano waɗanda suka bi tsarin Homebuilders sau da ƙafa sun rage ɗaukewa da kashi 31, waɗanda suka ari salon suka sassauta sharuɗɗa kuwa ba su tsinana komai ba.

Me dokar ta bari a baya?

Talauci, kuma nan ne nake ganin babban giɓin yake. Sau da yawa abin da ake rubutawa da sunan sakaci rashi ne: firij ba abinci, an yanke wuta, uwa ta bar yara su kaɗai don ta tafi aikin dare ba ta da mai raino. Wannan kuɗin na biyan mai ba da shawara ya zo gida, amma ba a ware shi don kuɗin haya ko na raino ba. Uwar da mai gidan haya ya ba wa mako biyu ta tashi za ta saurari darasin tarbiyya da ladabi, amma hankalinta na kan inda za su kwana a ƙarshen wata.