Edaravone, allurar da ke rage gudun cutar ALS

Edaravone magani ne da ake sakawa a jijiya ta hanyar ƙarin ruwa, ana ba masu cutar ALS wato cutar da ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsokar jiki. Kamfanin Mitsubishi Tanabe Pharma na Japan ne ya fito da shi, a Japan sunan kasuwarsa Radicut, a Amurka kuma Radicava. Tun farko ya kamata a gane, ba ya warkar da cutar kuma ba ya dawo da ƙarfin da ya riga ya tafi, abin da ake nema da shi kawai shi ne ya rage mata gudu.

Cutar ita kanta

Akwai wasu ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwa da laka da ke aika wa tsoka saƙon ta motsa, to su ALS take cinyewa kaɗan kaɗan. Mutum zai ga hannu ɗaya ya fara rauni ya kasa ɓalle maɓallin riga ko ya riƙe biro, ko ƙafa ta riƙa jan ƙasa silifa na fita, tsoka na ɗan rawa a ƙarƙashin fata tana kuma ramewa, wani kuma da harshe take fara masa sai magana ta yi nauyi ruwa ya riƙa sarƙe shi, a haka har ta iso tsokar numfashi. Mafi yawa suna rayuwa shekara 2 zuwa 5 bayan alamun sun bayyana, ko da yake akwai masu daɗewa sosai, masanin kimiyyar nan na Ingila Stephen Hawking an gano tasa a 1963 bai rasu ba sai 2018. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fara bayaninta a 1869, a Amurka kuma suna kiranta cutar Lou Gehrig saboda ɗan wasan da ta kashe a 1941. Kusan kashi 10 cikin 100 gado ne, sauran haka kawai take zuwa.

A wajenmu rikicin shi ne ana haɗa ta da shanyewar ɓarin jiki, alhali ba ɗaya ba ne, shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take faɗo wa mutum, ita wannan kuwa a hankali take shigowa wata da watanni, kuma galibi mutum na jin taɓi yana gani yana ji hankalinsa na nan. Wannan ne ma yake sa ƴan uwa su ce jifa ne ko sammu, a yi ta yawon neman magani har shekara ta wuce ba a ga likitan jijiya ba, kuma wallahi wannan shekarar da ta salwanta ita ce lokacin da allurar ta fi yiwuwar amfani.

Yadda yake aiki

Duk wanda ya zauna a Legas ya san yadda iskar teku ke cin ƙarfe, ka sa sabon kwano ko get yau, kafin damina biyu tsatsa ta kama shi. To a cikin jiki ma akwai wani abu mai kama da haka, wajen sarrafa iskar oksijin ana samun wasu burbushin sinadarai masu ɓarna da ke kai wa kitsen bangon ƙwayoyin halitta hari, kuma an ga alamun wannan ɓarnar da yawa a jijiyoyin masu ALS. Ma a 1993 an gano cewa wasu masu ALS ta gado matsalarsu na cikin ƙwayar gadon SOD1, wadda aikinta dama share irin wannan burbushin ne. Edaravone yana kama burbushin ya kashe musu kaifi, shi ne tunanin da aka gina maganin a kai, amma ita kanta takardar maganin ta Amurka ta faɗa cewa ba a san takamaiman hanyar da yake taimakon masu ALS ba.

Tarihi da gwaje-gwaje

Asali ba dan ALS aka yi shi ba. A 2001 Japan ta amince da shi dan masu shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiyar jini ta jawo, daga baya ne aka ce bari a gwada a ALS. Babban gwajin farko da aka yi da mutum 206 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba, amma da masu binciken suka koma suka tace sakamakon sai suka lura kamar waɗanda cutar ba ta yi nisa ba sun ɗan amfana, sai aka shirya wani gwajin da irinsu kaɗai, mutum 137 duk a Japan, waɗanda cutar ba ta wuce shekara 2 ba, ƙarfin huhunsu aƙalla kashi 80 cikin 100, kuma suna iya yawancin hidimar kansu. Ana auna su da wani ma'auni mai tambayoyi 12 da maki 48, ya ƙunshi magana, haɗiya, rubutu, sa kaya, tafiya, hawa bene, numfashi da sauransu. Bayan sati 24 masu karɓar maganin sun rasa kamar maki 5, waɗanda aka ba ruwan da ba magani sun rasa kamar 7.5, wato saurin lalacewar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Da wannan Japan da Koriya ta Kudu suka amince a 2015, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka a watan Mayun 2017, Kanada a 2018. Kafin nan tun 1995 magani ɗaya tak ake da shi, ƙwayar riluzole mai ƙara wa mutum kamar wata 2 zuwa 3, shi ya sa aka yi murna sosai kuma ni ban ga laifin masu murnar ba. Sai dai Tarayyar Turai ba ta gamsu ba, tana son ganin ko yana tsawaita rai, kamfanin ya janye takardar nemansa a 2019. Wani bincike da aka yi a asibitocin Jamus aka buga a 2022 bai ga bambanci tsakanin masu karɓar allurar da waɗanda ba sa karɓa ba, har yau likitocin jijiya kansu bai haɗu a kan girman amfaninsa ba.

Yadda ake bayarwa

Miligram 60 ake sakawa a jijiya cikin awa ɗaya. Zagayen farko kullum ne har kwana 14 sai a huta kwana 14, daga nan kowane zagaye kwana 10 cikin 14 sannan hutun 14, haka za a yi ta yi ba ranar gamawa, in ka lissafa shekarar farko ƙarin ruwa kusan 134 ke nan. Ka ɗauki magidanci a Agege ko Mile 12 wanda ƙafarsa ta fara ja, a ce sau goma a wata sai an ɗauko shi an ratsa goslo an kai shi asibiti an nemi jijiya an dawo da shi, ɗan rakiya ya rufe shago, wannan wahalar kaɗai abin a zauna a auna ce. A 2022 Amurka ta amince da na sha mai suna Radicava ORS, miligram 105 da safe kafin a ci komai, jadawalin kwanakin dai iri ɗaya.

Illolin da aka fi gani su ne tabon taruwar jini a fata, tangaɗi wajen tafiya da ciwon kai. Akwai sinadarin sodium bisulfite a ciki da kan tayar wa wasu da borin jini mai tsanani musamman masu asma, dan haka ba allurar da za a kira mai kemis ya zo gida ya ɗaura ba ce. A Japan kuma an samu matsalar ƙoda a wasu masu shanyewar ɓarin jiki da aka ba, shi ya sa ake duba ƙoda.

Kuɗi da samuwa

Lokacin da ya fito a Amurka ƙarin ruwa ɗaya ya ɗan haura dala 1,000, a shekara wajen dala 145,000. Kamfanonin Indiya da Sin suna yin nasu mai sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma duk wanda za a kawo wa daga waje ya tabbatar ta hannun likita da kantin magani mai rajista ya biyo, dan mai ciwon da ba shi da magani shi ne ƴan damfara suka fi farauta.

Kafin maganar allura dole a tabbatar ALS ɗin ce, dan matsewar laka a wuya da wasu cututtukan jijiya da ake iya magancewa suna kwaikwayonta. Aikin likitan jijiya ne, akwai su a asibitocin koyarwa na Legas, LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, za a yi gwajin wutar tsoka da jijiya da hoton MRI da na ƙarfin huhu. In an tabbatar, a tambayi likita kai tsaye ko mara lafiyar ya yi kama da mutum 137 ɗin nan, dan in numfashi ya riga ya yi rauni hujjar amfanin allurar ba ta kai can ba, kuɗin gara a zuba su a riluzole, gashin ƙashi, abinci mai laushi ko robar ciyarwa ta ciki, da na'urar taimakon numfashi ta dare wadda ita an tabbatar tana ƙara kwana, ita kuma a Legas sai an tanadar mata inbata ko sola saboda kar wuta ta ɗauke mutum na barci.