Dokar waya a gasar darar ches ta Jamus: faɗuwa a wasa ba shaidar maguɗi ba ce

Duk lokacin da aka ji alƙalin wasa ya kayar da wani ɗan darar ches saboda wayar salula, sai ka ga mutane sun yanke hukunci tun kafin su ji bayani: an kama ɓarawo. Wasu kuma su ce ai alƙalai sun samu lasisin laluben aljihun kowa a bainar jama'a. Duka biyun ba haka dokar ta ce ba.

Babbar gasar ƙungiyoyi ta Jamus, wato Bundesliga ta ches, ta koma rukuni guda na ƙasa baki ɗaya ne a 1980. Ƙungiyoyi 16 ke fafatawa, kowace ta haɗu da kowace sau ɗaya, zagaye 15 ke nan a kaka. A kowace karawa mutum takwas ke zama gaban takwas, bisa jerin sunayen da ƙungiya ta miƙa tun kafin a fara kaka, kuma ba a yarda ta ɗauko gwaninta na allon farko, wato na ɗaya a jerin, ta mayar da shi na takwas don ya ci banza ba. Wanda ya ci wasansa ya kawo wa ƙungiya maki 1, canjaras rabi. Ƙungiyar da ta tara 4 da rabi ta lashe karawar ta samu maki 2 a teburi, idan an tashi 4 da 4 kowa ya ɗauki 1. Ka ga ke nan allo guda da aka rasa saboda waya zai iya juya karawa gaba ɗaya, kuma a gasar da na ƙasan teburi ke faɗawa rukuni na biyu, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Dokar waya ta hau kan duk wanda ke wasa, baƙo ko ɗan gida, ƙaramin yaro ko tsohon zakaran duniya irin Viswanathan Anand, wanda ya buga wa Baden-Baden, ƙungiyar da ta ɗauki kofin sau 10 a jere daga 2006 zuwa 2015.

Tushenta yana cikin dokokin hukumar ches ta duniya, FIDE. Tun 2014 aka haramta wa ɗan wasa ya riƙe waya ko wata na'urar sadarwa a jikinsa a wurin gasa yayin da wasansa ke gudana. In aka same ta a jikinsa, ya faɗi, abokin karawarsa ya ci. Lura da kyau, dokar ba ta tambayi ko ya kunna ta ba, ko ya leƙa manhajar da ke lissafa motsi, ko mantuwa ce kawai. Riƙewar ita ce laifin. Shi ya sa wanda aka kayar ta wannan hanya bai zama mai maguɗi ba. Maguɗi tuhuma ce daban mai buƙatar hujja da bincike, hukuncinta kuma dakatarwa ce ta shekaru. Ko a 2003, Ruslan Ponomariov, yana riƙe da kambun zakaran duniya na FIDE, ya rasa wasa a gasar ƙasashen Turai don wayarsa ta yi ƙara, ba wanda ya ce ya saci motsi.

Inda aka fi ruɗewa shi ne batun bincike. Alƙali na da ikon neman a duba tufafi da jakar ɗan wasa, amma a keɓe, kuma wanda zai duba ya kasance jinsinsu ɗaya. Ba ya kokawa da kowa. Mutum na iya cewa a'a, sai dai ƙin yardar kansa yana jawo hukunci. Haka ta faru a Oktoban 2012, lokacin da aka yi zargin Falko Bindrich na ƙungiyar Eppingen saboda zuwa banɗaki ana tsakiyar wasa. Alƙali ya nemi ganin wayarsa, ya ƙi, yana cewa akwai bayanan sirri a ciki, kuma ya musanta maguɗi. Aka ba abokin karawarsa wasan. Hukumar ches ta Jamus ta dakatar da shi shekara biyu, amma a 2013 aka soke dakatarwar, domin an gano hukumar ba ta da hurumin doka na hukunta shi kai tsaye. Daga baya ne aka sa 'yan wasan gasar su riƙa sa hannu a yarjejeniyar amincewa da bincike da hukunci.

Akwai tsauri a ciki, babu musu. Mutum ya yi tafiya mai nisa, ya zauna awa huɗu yana tunani, sannan abin da ya manta a aljihun kwat ya rushe aikin mutum takwas. Amma wayar yau ta fi kowane ɗan Adam iya ches, kuma leƙe ɗaya a wuri mai wuya ya isa. Da za a ce sai alƙali ya tabbatar da niyya kafin ya hukunta, da kowa ya ce mantuwa ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda 'yan kallo ke liƙa wa mutum sunan ɓarawo alhali takardar alƙali waya a aljihu kawai ta rubuta.