"Ai an sa hannu": me ake nufi da yarda kafin fiɗa?

Kwanakin nan, da an taɓo zancen fiɗar mata a shirin kiran waya na rediyo, sai wani ya jefo kalmar nan ta Faransanci, consentement, ya kuma fassara ta da kansa: "Ai an sa hannu." Daga nan magana ta mutu. Wannan fassarar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Cikakken sunan abin consentement éclairé ne, wato yardar da mutum ya bayar bayan an haska masa hanya. Rabin nan na biyu shi ake yankewa. Likita ya zauna da mace, ya gaya mata ciwonta, da aikin da zai yi, da abin da ka iya biyo baya, da wata mafita in akwai, cikin harshen da take ji. Sannan ita ta ce i ko a'a. Takarda shaida ce kawai cewa an yi wannan zaman.

Wata maƙwabciyarmu a Birni aka ce tana da ƙari a mahaifa, za a cire. Da ni aka raka ta. A bakin bulok, wato ɗakin fiɗa, wani ma'aikaci ya miƙo takarda da Faransanci, mijin ya dafa ta a bango ya sa hannu a tsaye. Ita kuwa tana kwance kan gadon da ake tura marasa lafiya, an riga an ɗaura mata ruwa, ba wanda ya ko dubi inda take. Bayan wata biyar, da ta ga al'ada shiru, sai ta ɗauka rabo ne, ta tafi awo da murnarta. A can ungozoma ta duba karnenta, wato littafinta na asibiti, ta ce, "Baiwar Allah, ba a gaya miki an cire mahaifar ba?" Da mijin ya koma neman bayani, amsar da ya samu ita ce, "Malam, wannan ba sa hannunka ba ne?"

Nasa ne, amma cikin ba nasa ba ne. Mace baliga mai hankalinta ita ke ba da izinin jikinta. Shawara da miji abu ne mai kyau, kuma yawancin matanmu suna so a yi ta, sai dai ba ta maye gurbin bakin mai ciwo. Akwai masu cewa tunda ba ta yi musu ba ta yarda, kamar yadda hadisi ya ce shirun budurwa izininta ne. Wannan hukuncin aure ne, kuma ko a can sai an tambaye ta tukuna.

Abin mamaki, shari'ar da ake yawan kafa hujja da ita a wannan fanni ma kan ƙarin mahaifa aka yi ta. A 1908, wata mata mai suna Mary Schloendorff ta yarda a sa mata maganin barci a duba ta a wani asibitin New York, ta ce ban da yanka. Tana barci aka cire ƙarin. A 1914 alƙali Benjamin Cardozo ya rubuta cewa duk baligi mai hankali shi ke da ikon yanke abin da za a yi da jikinsa, kuma likitan da ya yi fiɗa ba izini ya yi ta'adi. Ba ta ci asibitin a shari'ar ba, amma maganar alƙalin ta zauna.

A yi wa likitocinmu adalci. Macen da aka kawo daga ƙauyukan Tanut ko Magarya bayan kwana biyu tana naƙuda, mahaifa ta fashe, jini na zuba, ba a jiran takarda a kanta, a ceci rai kawai. Don irinsu ne Nijar ta mayar da fiɗar haihuwa kyauta tun 2005. Amma ko ita, in ta farfaɗo, haƙƙinta ne a gaya mata abin da aka cire da dalili. Aikin maƙwabciyata kuwa da mako biyu aka sa ranarsa.

Kuma yarda ba yar da haƙƙi ba ce. Wadda ta sa hannu ta karɓi haɗarin da aka bayyana mata, wanda kan faru ko a hannun gwani. Ba ta yarda a manta auduga a cikinta ba, ko a ɗaure mata hanyar haihuwa ba ta sani ba. Wannan sakaci ne ko wuce gona da iri, ana iya kai shi gaban hukumar ladabtar da likitoci ko kotu, kuma dokar laifuka ta ƙasarmu tana hukunta raunata mutum ta hanyar sakaci. Kiran abin ƙaddara bai ɗauke wa mai laifi biyan diyya ba, ko a fiƙihu.

Daga baya maƙwabciyata ta kawo mini kwafin takardar, ta ce in karanta mata da Hausa. Na bi ta layi-layi har ƙasa. Babu kalmar mahaifa a ciki, cewa kawai aka yi an amince da duk aikin da likita ya ga ya dace.